Injin da Lambobin Ɗakunansa Suka Ƙare

Na buɗe shagona a Samaru shekarar da na yaye autana, tun wayar hannu ba ta shigo gari ba, lokacin da in kana da saƙo zuwa Kano sai ka je tasha ka roƙi direba. Kwamfutar da zan ba ku labarinta kuwa ta shigo shagon ne bayan bikin babbar 'yata, kafin dogon yajin aikin nan da ya sa ciyawa ta rufe ƙofofin ɗakunan ɗalibai. A lokacin acaɓa ce ke mulkin titi, keke mai ƙafa uku bai zo ba tukuna. Ku yaran yanzu da kuke danna waya takarda ta fito, kuna ganin sana'ar buga takardu zaman inuwa ce kawai. To ku gyara zama. Ni Hajara ban taɓa shiga aji ba, sunana ma da siffa nake gane shi, amma ku je ku tambayi masu digiri a garin nan hannun wa ya ɗinke musu littafi.

Aikin farko da aka ba ni tsohuwar jarida ce. Ina suyar ƙosai a gefen rumfar Baba Yohanna, wani dattijo mai tafireta da ke buga wa ɗalibai furojet, wato babban littafin nan da kowa ke rubutawa kafin a sallame shi. Ya ga yadda nake naɗe ƙosai a takarda baki ya zo daidai da baki, sai ya ce, "Hajara, wanke hannun nan da toka ki zo." Ya jibge mini jaridu ya ce in mayar da su littafi. A wurinsa na koyi buga takardu a kan tebur har bakinsu ya daidaita, da danne su a kan katako, da huda su da ƙusa da guduma, da jan zare da basilla, da shafa gam a gadon baya yadda ba zai tsiyayo ya ɓata rubutu ba. Da na ce masa ni fa ban san sama da ƙasan rubutu ba, sai ya nuna mini ɗan lambar da ke gindin kowane shafi ya ce, "Wannan ne ƙafar takarda. In ƙafa na ƙasa, kai na sama." Na daɗe ina ɗinka jaridun da ba mai karantawa kafin ya yarda na taɓa aikin mutum. Ranar da ido ya gaza masa, ni ya bar wa katakon da gudumar.

Da tafireta ta fara zama abin dariya, sai na haɗa kai da Rahila 'yar Wusasa, wadda ta yi shekaru tana buga takardu a ofis kafin a rage ma'aikata. Sa'ata ce, ba yarinya ba. Ita ke da yatsu, ni ke da shago da baki da basilla. Muka sa kwamfuta, da firinta, da injin hoto, da ƙaramin janareta mai tari kamar tsohon mashayin taba. Rahila na karanta abin da injin ya rubuta, ni kuwa da kunne na san shi. Na san ƙarar da yake yi in ya ji daɗi, na san wadda yake yi in wuta ta yi ƙasa.

Wata rana Rahila na buga wa wani ɗalibin likita aiki, sai na ji injin ya kama niƙa, gurr gurr, kamar an zuba masa tsakuwa, ɗan jan hasken gabansa ya kunnu ya ƙi mutuwa. Ta danna harafi sai mutum ya sha ruwa ya ajiye kofi kafin ya fito. Na ɗauke shi na kai wa Oga Festus, mai gyaran kwamfuta a Sabon Gari. A nan aka haife shi, Hausa a bakinsa kamar ruwa, amma har ya tsufa "ka" yake ce mini.

Ya ce, "Mama, ka ga teburin da kake ɗinki? Cikin injin ma akwai tebur, shi ne memori. Akwai kuma sito, inda kaya ke kwana. In tebur ya cika, mai gidan da ke cikin injin sai ya kwashi wasu kaya ya kai sito, in an nema ya koma ya ɗauko. Wannan niƙan da kake ji, zirga-zirgarsa ce."

Na ce, "To a ƙara masa tebur mana."

Ya ɗauko wani koren abu mai siffar matajin kai, mai haƙora ruwan zinariya, ya soka a ciki. Shi ke nan niƙa ta tsaya. Tun daga ranar na riƙe maganin a kaina: in inji ya gaji, a ƙara masa mataji.

Yanzu sai in gaya muku yadda muke riƙe layi, don a nan labarin yake. A gidanmu in za ki ɗebi ruwa a famfo, bokitinki kike ajiyewa a layi ki tafi harkarki, kuma duk wadda ta ture miki bokiti ta nemi faɗa. A rumfar Baba Yohanna dutse ake ɗora wa takardun mutum. Da kwamfuta ta zo, sai abin ya zo mana da sauƙi. Ɗalibi ya kawo aikinsa, Rahila ta buɗe shi, ta bar shi a buɗe. A gindin gilashin injin sai ka ga sunayen ayyuka sun jeru ɗaya bayan ɗaya kamar bokitai. Yaro ya tafi lacca ya dawo, ya leƙa ta kafaɗar Rahila ya ga inda yake. Ba a taɓa rufe aikin mutum sai an buga an miƙa masa. Da wannan aka san shagona. Wasu shagunan ana cuwa-cuwar layi, mai dogon baki ya tsallake mai kunya. A shagon Mama Hajara layi a gilashi yake, kowa na gani.

Sai shekarar yajin aiki ta zo. Samaru ba ɗalibai kamar kasuwa ce ranar da ba ta ci. Masu abinci suka kife tukwane, masu gidajen haya suka zauna suna kallon kwaɗuna. Na lulluɓe injin da tsohon zanena don ƙura, ina buɗe shi sai in an kawo katin biki ko takardar waƙoƙin coci. Na koma kaskon ƙosai ban ji kunyar kowa ba, Rahila ta kama saƙar hular jarirai. Muka ci abin da ya samu. Da aka janye yajin kuma, ɗalibai suka dawo gaba ɗaya kamar an buɗe dam, waɗanda ya kamata su gama bara da na bana duk suka haɗu, kowa da furojet a hannu, kowa an ba shi wa'adi.

A cikin wannan turmutsutsun Malama Saratu ta shigo. Malamar firamare ce daga wajen Zonkwa, mace mai 'ya'ya manya, ta baro aji da miji ta zo ƙaro karatu. Hutun da aka ba ta daga wurin aiki yajin ya cinye shi, an riga an aiko mata cewa ta koma. Ranar Juma'a za a rufe karɓar littattafai don malamin da ake gayyatowa daga wata jami'a ya duba. In nata bai shiga ba, sai wata shekara, ita kuma ba ta da wata shekara. Komawa za ta yi hannu wofi bayan duk wahalar nan. Aikinta a kan ciwon da ke kama citta ne, kuma baiwar Allah ba gonar da ta taka ba ta ɗauki hotonta ba. Ganye, saiwa, ƙasa, manomi da fartanyarsa, duk suna ciki.

Ranar Laraba Rahila ta soka filashar Malama, ɗan abin nan da ake zuwa da aiki a cikinsa, ta buɗe aikin ya hau layi. Injin ya yi shiru, sannan wani ɗan farin akwati ya fito a tsakiyar gilashi.

Na ce, "Me ya ce?"

Rahila ta ce, "Wai wuri bai ishe shi ba."

Kafin mu rufe baki duk layin ya ɓace, na kowa da kowa. Shago ya ɗauki salati da kiran Yesu a lokaci guda. Allah ya taimaka ayyukan na kwance a sito, ba abin da ya salwanta, amma sai da Rahila ta sake buɗe su ɗaya bayan ɗaya ana gardamar wa ke gaban wa. Ta sake kiran na Malama, akwatin ya sake fitowa. Abin da ya ɗaure mini kai, babu niƙa. Injin lafiya lau yake numfashi, ƙi kawai ya yi.

Malama Saratu ta ce, "Mama, ko in kai wani shago?"

Na ce, "Ki je ki gani, ko'ina layi har titi, kuma injinansu ƙannen nawa ne. Zauna. Na san maganinsa."

Washegari da safe na naɗe injin a zane na hau acaɓa na rungume shi kamar mai kai jariri asibiti. Ɗan acaɓar yana ta tambaya ko rediyo ne. Muka bi ta Kwangila muka shiga Sabon Gari, na dire shi a gaban Oga Festus na ce ya ƙara mataji.

Ya buɗe ciki ya leƙa, ya kunna ya duba, ya ce, "Mama, no vex, wannan ba ciwon mataji ba ne."

Na ce, "Festus, ni za ka koya wa injina? Soka."

Ya yi dariya ya ɗauko babba ya soka. Ya kunna, ya nuna mini wata lamba a gilashi. Lambobi kam na sani, albarkacin Baba Yohanna. Ya ce abin da ke ciki yanzu ya haura giga huɗu, haka suke kiran mudun awonsu, amma ga shi injin uku da ɗoriya kawai ya ce yana gani. Ya zare sabon matajin lambar ta ɗan sauka, ya mayar ta koma inda ta tsaya ɗazu, ta ƙi wucewa.

Na ce, "Sauran fa? Wa ya ci?"

Ya jawo mini kujera. Ya ce, "Ka san gidan haya na Sabon Gari, ɗaki na kallon ɗaki? Injin nan haka yake. Kowane ɗaki da lambarsa a ƙofa, da lamba ake aika kaya, da lamba ake ɗaukowa. Irin wannan injin, lambobin da aka yi masa tun daga haihuwa a huɗu suka tsaya. Ka gina ɗaki ɗari a bayan gida, in ba lambar da za a manna musu, ba mai shiga. Wasu lambobin ma an riga an ba gilashi da sauran kayan wuta, shi ya sa ka ga uku da ɗoriya."

Na ce, "To ukun ma ai gida ne babba."

Ya ce, "Saura ka ji. Akwai mai gida a ciki, mu kanel muke ce masa, shi ke raba ɗakuna. Duk ɗan hayan da ya shigo, wato abin da kuke buɗewa a gilashi ku yi aiki da shi, mai rubutu ne ko mai waƙa ko mai hoto, sai mai gida ya ba shi zanen gida ya ce duk naka ne, kai kaɗai. Ƙarya ce mai amfani, don kada 'yan haya su shiga ɗakin juna. Amma a kowane zane, rabin sama mai gida ya ja layi ya ce nan nawa ne, in ka taka in kore ka. Rabin ƙasa kawai ɗan haya ke da shi. Ko ka cika injin da mataji, rabon mai rubutu ba zai wuce rabinsa ba."

Na ce, "Wannan mai gida ai ya fi na Samaru zalama."

Ya ce, "In bai riƙe nasa ba, gidan rushewa zai yi." Sai ya dube ni. "Tsaya. Aiki nawa kuke buɗewa a lokaci ɗaya?"

Na gyara ɗaurin ɗankwalina na ce, "Na duk wanda ya zo. Mu ba ma ture wa mutum bokiti."

Da na yi masa bayanin layinmu, sai da ya dafa bango don dariya, ya kira maƙwabcinsa mai sayar da batir ya maimaita masa da Turancin kasuwa. Ya ce duk ayyukan nan ɗan haya ɗaya ne ke riƙe da su, mai rubutu, a cikin rabin nan nasa. Mun cika masa ɗakuna da kayan mutanen da suka tafi lacca, sannan mun kawo masa gonakin citta mun ce ya sauke. Ya ce a rufe komai, a bar na Malama shi kaɗai, in ya buɗe a yanka shi babi-babi. Ya kai hannu zai karɓi matajinsa na ce a'a, abin da ya shiga injina ya zama nawa. Ya zare mini shi na ƙulle a bakin zane.

A hanyar dawowa ba injin nake tunani ba, layi nake tunani. Yaran nan kowa wuta ce a bayansa. In na ce a rufe aikinsu, a idonsu na zubar da abin da aka san ni da shi, kuma na yi ne don mutum ɗaya. Na iso bayan azahar shago cike, Malama Saratu na zaune a bakin benci da jakarta a cinya, ko ruwa ba ta sha ba.

Rahila ta haɗa wayoyi. Na tsaya a tsakiya na ce, "Daga yau ba a barin aikin kowa a buɗe. Ɗaya za a riƙa buɗewa."

Kabiru, wani dogon ɗalibin injiniya mai surutu wanda shi ne na farko a layin, ya ce, "Haba Mama, wannan ai ba fair ba ne. In an rufe, ta ina zan san ba a yi mini overtaking ba?"

Wata daga baya ta ce, "Mu dai a bar mana layinmu yadda muka saba."

Na ce, "Layinku na nan. Wurin zamansa ne zai canza."

Na jawo katakon Baba Yohanna daga ƙarƙashin tebur, na ɗauki guduma da ƙusoshin huda takarda, na jera su a kai ina bugawa. Na rataye katakon a bakin ƙofa. Na ce kowa ya rataya abinsa a ƙusa yadda layi yake jiya, aikinsa na kwance a sito, in ƙusarsa ta zo gaba a ɗauko. Kabiru ya tuɓe hularsa ya rataya a ta farko. Mai bi masa ta sa abin ɗaure gashi. Wani ya sa makullin ɗaki, wani hankici, wani da ba shi da komai ya cire safa ɗaya, muka ce ya mayar ya nemo wani abin. Aka yi ta dariya. Malama Saratu ta rataya ɗan zaren makullinta can wajen tsakiya, inda layinta yake.

Na duba katakon, na duba rana. Aikinta kaɗai zai ci sauran yinin, ga ɗinki, ga gam da ke son kwana kafin ya kama. In ta jira ƙusarta, Juma'a ta wuce ta. Amma ni da bakina na ce layi na nan, ba zan zama ta farko da za ta karya shi ba. Sai na ce, "Wa da wa Juma'a ce wa'adinsu?" Ita kaɗai ce, babu ko ɗaya a cikin na gabanta. Sauran sai mako mai zuwa. Na koma kan teburina ina jan zare.

Kabiru ya tashi ya je gaban katakon ya tsaya yana sosa ƙeya. Ya ce, "Malama, cittar nan taku, da gaske ta fi ta kasuwa yaji?"

Ta ce, "Ɗana, in ka sha shayinta sai ka tuɓe riga."

Ya ce, "To a rubuta, ina bin ki citta." Ya zare makullinta ya sa a ƙusar farko, ya matsar da hularsa baya. Ya juya ya ce wa sauran, "Mai objection ya ɗaga hannu." Mai abin ɗaure gashi ta ce ita ma a sa da ita a rabon. Ba wanda ya ɗaga.

Rahila ta kira aikin Malama shi kaɗai. Injin ya yi shiru. Na kasa kunne. Sai ga shafin farko, sai ga ganyen citta kore shar ya cika gilashi. Rahila ba ta tsaya murna ba, nan take ta yanka shi babi-babi ta ajiye kowanne daban, tana buɗe ɗaya ta buga ta rufe ta kira na gaba. Firinta na turowa ina karɓa ina duba ƙafar takarda. Kafin magariba na huda na ɗinke, na shafa gam, na danne su da bulo. Da safe Malama ta zo ta ɗauki littattafanta masu baƙin bango, ta jujjuya su, ta ce, "Mama, Allah ya sāka." Na ce ta bar godiya ta nemi acaɓa. Kafin a tafi masallaci ta dawo hannu wofi tana murmushi, an karɓa.

Bayan girbi sai ga buhun citta an sauke a ƙofar shago. Kabiru ya riga ya gama ya tafi bautar ƙasa, sai da muka nemi wanda zai kai masa rabonsa. Sauran muka raba, amma warin ya kama takardu, har wani malami ya aiko tambaya ko a kicin ake ɗinka furojet ɗin bana.

Daga baya aka kawo injuna masu dogayen lambobi, waɗanda Oga Festus ya ce ko jikokina ba za su ga ƙarshen ɗakunansu ba. Na ɗauko matajina na ce to yanzu sai a soka shi. Ya gwada ya ce haƙoransa ba su dace da sabon rami ba, zamaninsa ya wuce. Ban yar ba. Da shi nake shafa gam a gadon bayan littafi, kuma ban taɓa samun abin da ya kai shi daidaita gam ba. Katakon kuwa ban sauke ba ko da inji ya daina ƙorafi. Shagunan layinmu duk sun kwaikwaya, wasu har da fenti, amma ku tambaya za a gaya muku inda aka fara.

Baba Yohanna ya daɗe da rasuwa, bai ga kwamfutar ba ma. Oga Festus ya koma garin iyayensa, can ya cika, shagonsa yanzu rigunan waya ake sayarwa. Rahila na nan a unguwar Jama'a wurin ɗanta, gwiwa ta hana ta fita, amma in na je gaishe ta yatsunta na bisa cinya suna bugawa ba ta sani ba. Kabiru an ce yana gina gadoji a kudu, ya yi tumbi, surutun na nan. Malama Saratu ta yi shugabar makaranta har ta yi ritaya, kuma duk shekara cittarta na iso ni. Sai ni, da katakon. Ƙusar farko ta ɗan lanƙwashe, wanda duk ya riga kowa zuwa sai ya riƙe ta da hannu ya rataya.